Kwana Goma da Rabi

Ranar da muka binne Kawu, ƙanen mahaifiyata, mutum uku ne suka yi mini ta'aziyya da maganar ɓera, kuma babu wanda ya yi nufin raini a cikinsu.

Na farko Alhaji mai injin niƙa ne, maƙwabcinsa na shekara da shekaru. Bai shiga coci ba. Ya tsaya a gindin dogon yaro har aka fito da akwatin gawar, sannan ya bi mu a baya zuwa maƙabarta. Ya ce mini, "Malama, sai haƙuri. Mutumin kirki ya tafi. Ni har yau in na ga dusa ta taru a ƙarƙashin inji, sai in tuna lokacin da yake zuwa da kwano yana ɗiba wa ɓerayensa."

Ta biyu wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu na asali, cikin danginmu da ba su bar addinin kakanni ba. Ta kama hannuna ta ce, "Yanzu kam sai ya je ya tarar da su sun yi layi suna jiransa. Su ɗari nawa ya feɗe? A can za su yi shari'arsu." Ta faɗa tana hawaye, tana kuma dariya.

Ta uku Inna ce, mahaifiyata, yayarsa. Ta tsufa ƙwarai, ba ta iya zuwa bakin kabari ba. Da muka dawo na same ta zaune a kan tabarma. Ba ta amsa gaisuwar kowa da kyau ba, sai da na durƙusa kusa da ita ta ce, "Ni na kashe masa ɓerayen nan. Har ya mutu bai ce mini don me ba."

'Yata ta fari ce ta ja waƙa a coci ran nan. Duk wanda ya matso kusa da ita zai ga wani siririn tabo daga hancinta zuwa leɓenta na sama. Da tsagaggen leɓe aka haife ta, aka ɗinke tana jaririya. Shekara ashirin da biyu na yi ina ganin ni na tsaga mata shi, da idona. Wannan maganar ce ta haɗa ni da Kawu, ita ce kuma ta sa na zauna rubuta wannan, don kada a tuna shi da sunan da gari ya laƙaba masa kawai, wato Likitan Ɓera.

A wani gidan Maguzawa tsakanin Malumfashi da Funtuwa aka haife shi. Shi da Inna ne suka fara bin mishan a gidan, Kaka kuwa, mahaifiyarsu, ta mutu a kan abin da ta gada. Aikinsa na farko wanke kwalabe ne a ɗakin awo na wani asibiti. A shekarun saba'in wasu masu bincike suka zo nazarin cututtukan yankinmu, suna neman wanda zai kula musu da fararen ɓeraye. Kowa ya ƙi, don wa zai yarda a ce aikinsa kiwon abin da ake kashewa a rumbu? Kawu ya karɓa. In an tsokane shi sai ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nawa dai ba su taɓa shiga rumbun kowa ba."

Hannunsa ba ya rawa, shi ne arzikinsa. Aka koya masa yanka nama siriri har haske ya ratsa shi, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi mai tsawon yatsa. Daga nan ya koma aiki Zariya. Can wajen tsakiyar shekarun tamanin wani mai bincike ya tafi da shi ƙasar waje, ya yi shekara biyu yana yanka masa 'yan tayin ɓera. Da ya dawo bai daɗe ba ya ajiye aiki, ya koma gona kusa da Funtuwa. Abin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba a idon dangi: tsohon madubin likita, na'urar nan da ke ƙara girman abu, da akwatin katako cike da 'yan gilasai, da fararen ɓeraye takwas a keji. Inna ta dubi kayan ta ce, "Wasu su dawo da mota, nawa ƙanen ya dawo da ɓera."

Ya gina musu ɗaki a bayan gida. Burinsa ɗaliban sakandare su riƙa zuwa su ga abin da suke haddacewa a littafi. Kullum da sassafe, kafin ya tafi gona, sai ya ɗaga kowace mace ta wutsiya ya duba. Akwai wata alama da namiji ke bari, kamar ɗigon kyandir. In ya gan ta, safiyar nan ita ce rabin kwana, daga nan yake fara ƙirga. Cikin ɓera bai wuce sati uku ba, saboda haka a wurinsa rabin kwana ba abin wasa ba ne. Kwana tara da rabi daban, goma da rabi daban. Yana da littattafai masu baƙin bango da yake rubuta komai. Maganarsa kullum ita ce, "Kin rubuta? Ido mantuwa gare shi."

Wannan ƙirgar ta bi shi ko'ina. Ka ce masa akuyarka na da ciki, sai ya ce kwana nawa. Ka ce masarar ka ta fito, kwana nawa. Matarsa ta taɓa cewa ko ruwan tuwo ta ɗora, sai ya so ya san ƙarfe nawa ya tafasa. Ba mutum ne mai sauƙin zama da shi ba, gaskiya. In ka ce "jiya-jiyan nan" sai ya tsare ka har ka faɗi ranar.

Inna ta kafa mana doka, mu 'ya'yanta mata da muka yi aure: kada wadda ta taka ɗakin nan. Ita mai bi ce ta gaske, ba ta fashin coci, amma abin da ta sha a nonon Kaka yana nan. Mace mai neman haihuwa ba ta ƙura wa mummunan abu ido, don ɗan da ke ciki yana ɗauka. Ni kuwa malamar firamare ce a lokacin, sabuwar amarya, maigidana yana aiki a gidan gurzar auduga. Ina ganin kaina wayayya.

Wata ranar kasuwa, lokacin shuka, na biya gidan Kawu. Matarsa ta tafi cefane, ba kowa sai shi. Na ce, "Kawu, ni dai yau sai na ga abin da ake hana mu gani."

Ya ce, "Uwarki ta sani?"

Na ce, "Sai in ka gaya mata."

Ya yi dariya ya buɗe ƙofa. Ɗakin ya fi ɗakin kwanansa tsafta. Ya fito da madubin bakin taga, ya juya wata 'yar faranti mai ƙyalli da ke ƙarƙashinsa har ta kama rana. Ya fara sa mini wani gilashi daga cikin waɗanda ya zo da su. Na ga wani abu a lanƙwashe kamar ƙwayar wake da ta fara tsiro. Daga wutsiya har zuwa wajen wuya an yayyafa masa baƙaƙen ɗigo. A wuyan sai ɗigon ya tsaya cak, daga nan zuwa kai babu ko ɗaya.

Na ce, "Wa ya ja wannan iyakar?"

Ya ce, "Tambayar da ta kai ni ƙasar sanyi ke nan." Ya zauna a kan benci ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi wa ɗalibai. Kowace ƙwayar jiki, ta kai ce ko ta wutsiya, tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, cikakku, babu wadda aka rage wa. To me ya sa wata ta zama ido, wata ta zama haƙarƙari? Ya ce cikin ƙwayoyin gadon akwai wasu da ba sa gina komai da kansu. Aikinsu su tayar da wasu, su kwantar da wasu. "Kin san makaɗin gayya," in ji shi. "Ba ya riƙe fartanya. Amma inda ya tsaya ya buga, nan ake noma. Waɗannan ɗigon suna nuna inda wani makaɗi guda yake bugawa a wannan ranar. Gobe in kin duba, ya matsa ko ya yi shiru, wani ya karɓa."

Ya gaya mini yadda ake samun ɗigon. Akan jiƙa yankan da wani ruwa mai neman saƙon makaɗin nan shi kaɗai, ya manne masa. Sannan a tsoma gilashin cikin irin maganin da masu hoto ke aiki da shi, a rufe a duhu da sanyi wajen sati biyu. In an wanke, duk inda saƙon yake sai ya fito baƙi. Ya ce sau da yawa a jira sati biyun a buɗe a ga wayam, a sake daga farko. A gida ba shi da halin yin wannan. Abin da ya rage masa shi ne ƙirga kwana, da dubawa, da zanawa a littafi.

Sai ya ce, "Zo ki ga na safiyar yau." Ya ɗauko wani ɗan kwano da ruwan gishiri, a ciki akwai ɗan tayi bai fi ƙwayar dawa girma ba. Kwana goma da rabi. Ya juyo mini da fuskarsa.

Ba fuska ba ce tukuna. Ƙullutai ne, biyu daga gefe, wasu daga sama, da rami a tsakani. Inda leɓe zai kasance a tsage yake. Na ja baya na ce, "Kai, Kawu, wannan ai ya fi Kaka muni in ta yi fushi."

Ya ce, "Haka kike ke ma. Haka nake, haka Fasto. Kowa sai da ya yi kwanakinsa da tsagaggen leɓe. Gobe war haka waɗannan za su matso su haɗu."

Na koma gida ban gaya wa kowa ba. Ban san ina da ciki ba a ranar.

Na sake shiga ɗakin sau ɗaya, ranar bikin godiya na kaka, cikina ya fito sosai. Wannan karon a gaban mutane ne, mun je da 'yan mawaƙan coci kai masa gaisuwa, ɗaya ta ce tana so ta gani, muka ɗunguma. Labari ya kai wa Inna kafin in isa gida. Ta yi faɗa, ta gaji, ta bari.

A farkon bazara na haihu. Ungozoma ta ɗaga jaririyar, ta juyar da ita gefe. Da na karɓe ta na duba, abin da na gani a kwanon ruwan gishirin nan ne ya dawo mini. Ban yi kuka ba.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Kowa ya san leɓen ɓera a tsage yake. Kowa ya san na shiga ɗakin. Uwar mijina ba muguwar mace ba ce, amma ta ce abin da ke ranta: an hana ni, na ƙi ji, ga shi na jawo wa jikarta. Ta ce ba za a yi taron suna ba, Fasto ya zo ya yi addu'a a ɗaki, a rufa asiri.

Washegari da hantsi, Kawu yana gona, Inna ta tafi gidansa, ta ture matarsa daga bakin ƙofa, ta buɗe kejin ɗaya bayan ɗaya. A lokacin sun kai sittin. Fararen ɓeraye da ba su taɓa taka ƙasa ba suka watsu a tsakar gida, ba su ma san gudu ba. Kyanwoyin unguwa da shaho suka yi biki. Matar Kawu ta ce da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe, sannan ya shiga ya rubuta ranar a littafi, ya fito ya ce a ba shi ruwan wanka. Bai sake kiwon ɓera ba har ya bar duniya.

Ana jibi suna ya zo gidanmu da gyaɗa a aljihu. Ya tarar da uwar mijina, da Inna, da maigidana, da Fasto. Ya gaida kowa, har Inna. Ya ce a kawo masa jaririyar. Ya duba bakinta da ɗan yatsa, ya ce ganɗa lafiya take, leɓen ne kawai, kuma ana ɗinkewa. Sannan ya zauna a tabarma ya jera ƙwayar gyaɗa arba'in a layi.

Ya ce, "Kowace ɗaya sati guda ce ta ciki." Ya dube ni. "Ɗiyata, yaushe kika shiga ɗakina?"

Na ce, "Ranar bikin godiya."

Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya sunkuya ya ƙirga daga ranar haihuwa ya koma baya, ya ajiye tsinke a kan wata ƙwaya can bayan tsakiyar layin. "Ga ranar da ta shiga." Ya dawo farkon layin ya ɗora yatsa. "Leɓen ɗan mutum kuwa a nan yake haɗuwa, tsakanin ta shida da ta tara. In ya haɗu ya haɗu. In bai haɗu ba, daga nan ba ya sake haɗuwa. Ranar da ta shiga ɗakina, an yi wata huɗu da gama wannan aikin. Ke kuma," ya ce wa uwar mijina, "in kin tarar da kunya a karkace ranar girbi, za ki kama wanda ya wuce ta gonar jiya?"

Ta dubi gyaɗar. Manomiya ce, ta san lissafi in ta gan shi. Ta ce, "To me ya kawo shi?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"Duk karatun nan?"

"Duk karatun nan. Wani lokaci gado ne, wani lokaci ba a san dalili ba. Abin da na sani shi ne, ba ranar ba ce."

Kowa ya sauke numfashi. Maigidana ya share fuska da hularsa. Fasto ya ce a gode wa Allah. Ni kaɗai nake wani lissafin a zuci. Na ƙirga daga lokacin shuka, daga ranar kasuwar nan. Ta faɗo a kan ƙwaya ta bakwai, daidai inda yatsan Kawu yake.

Aka yi suna a tsakar gida, da mutane, da shinkafa. Kawu ne ya ɗauko ta ya fito da ita, fuska a buɗe, ya zagaya da ita wurin kowa. Duk wanda ya kawar da kai sai ya ce masa, "Duba da kyau, haka kake kai ma da." Da ta kasa kama nono, shi ya zauna ya nuna mini yadda zan tatsa in ba ta da ƙaramin cokali, a zaune, ba a kwance ba. Yakan zo duk sati da ma'aunin da yake auna abincin ɓeraye, ya auna ta ya rubuta. Da ta kai nauyin da likitoci ke so, shi ya raka mu a jirgin ƙasa zuwa babban asibiti, ya zauna a baranda har aka fito da ita.

Shi da Inna sun yi shekara guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya ta fara aika masa da daddawa, shi kuma ya aiko da sabuwar masara. Ba wanda ya ta da maganar. Haka suke, su biyun, tun suna yara.

Gari ya wanke ni, amma ni ban wanke kaina ba. Kawu da bakinsa ya ce ba ranar ba ce, wato akwai ranar da in ita ce, da an kama ni. Kuma ranar kasuwar nan ita ce. Na haifi wasu uku lafiya lau, hakan ma sai ya ƙara tabbatar mini, tunda a cikinsu ban duba komai ba. Duk ranar da aka tsokani 'yata a makaranta ta dawo tana rufe baki da hannu, sai in shiga ɗaki in ce ni ce. Na koyar da kimiyya a aji shida shekaru da yawa, ina gaya wa yara camfi ba gaskiya ba ne, nawa yana nan a ƙirji. Na ɗauka Kawu ya manta da zuwan farko, ko kuma bai haɗa lissafin ba. Na ji daɗin hakan, na kuma ji kunyarsa. Shi ya sa ban cika zama da shi mu biyu ba. Ya lura, ya taɓa cewa, "Ɗiyata ta zama baƙuwa." Na ce aiki ne.

Bara ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce zuciya ce. Wata uku kafin rasuwarsa na je na same shi da rana a zaure, an jingina shi da matashi. Na ga yadda ya rame, na san in ban faɗa yanzu ba, shi ke nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Kawu, na yi maka ƙarya ranar gyaɗa. Ba ranar bikin godiya na fara shiga ba."

Ya ce, "Ɗauko mini akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado."

Na ɗauko. Ya zaro littafi ɗaya ba tare da ya yi ta nema ba, ya buɗe, ya miƙo mini. Rubutunsa ne, ƙanana, a tsaye: "Ranar kasuwa. 'Yar Yaya ta shigo. Ta ga na kwana goma da rabi. Ta ce ya fi Kaka muni." Ashe yana rubuta duk wanda ya shiga ɗakin, don baƙon wari yana iya sa ɓera ta zubar da ciki.

Na ce, "Ka sani ke nan."

"Na sani. Na tambaye ki a gaban mutane, kika ba ni rana, na yi lissafi a kanta. Lissafin daidai ne. Surukarki ba za ta yarda in na ce mata ido ba ya taɓa ɗan tayi ba, uwarki ma haka. Amma za su yarda da gyaɗa. Sai na bi ta inda za su ji." Ya tsaya ya huta. "Ke kuwa ai kin sani. Ke malama ce. Na nuna miki da idonki."

Na ce, "Ban sani ba, Kawu. Ka ce ba ranar ba ce. Yatsanka yana kan ta bakwai. Ranar kasuwar nan ita ce ta bakwai."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya ce, "Tun ran nan kike ɗauke da wannan?"

"Tun ran nan."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da biyu."

Ya rufe ido. Ya ce, "Ni da nake ƙirga rabin kwana." Sai hawaye ya zubo masa, mutumin da bai yi kuka ba ranar da aka watsa masa aikin shekaru. Ya ce, "Na ci shari'a da hujjar da ta ɗaure ki. Laifina ne. Da na kira ki gefe a ranar."

Ya sa na matso. Ya gaya mini a inda ya yi aiki can waje, mata ne suka fi yawa a ɗakin. Su ke feɗe ɓerayen, su ke duban fuskokin nan tun safe har yamma, wasu da cikinsu tun daga satin farko har su tafi hutun haihuwa, su dawo da 'ya'yansu a nuna wa kowa, leɓe lafiya. Ya ce makaɗan da ke haɗa fuska ba su da labarin abin da uwa ke kallo. Ba su da taga. Ya ce, "Ko a ɗakin kika kwana wata tara, da ba abin da zai sauya. Me ya hana nata haɗuwa, ban sani ba, zan mutu ban sani ba. Amma ba ke ba ce."

Ya ce in ba shi biro. Hannun da ba ya rawa yanzu yana rawa. A ƙarƙashin layin nan ya sa ranar da muke ciki, kamar yadda yake yi in zai gyara kuskure a littafinsa, ya rubuta: "Ba wannan ranar ba ce, ba kowace rana ba ce. Kallo ba ya yin komai. Ni ne ban yi bayani daidai ba." Ya ce in tafi da littafin, da madubin, da akwatin gilasan.

Na yi kuka a zauren nan har matarsa ta leƙo ta koma.

Bayan kwana bakwai da jana'iza, baƙi sun ragu, 'yata ta zo ɗakina. Ta yi aure bara, ta kuma raɗa mini tun kafin rasuwar cewa ta yi ɓatan wata biyu. Ta ga akwatin katakon a kan tebur. Na ba ta littafin ta karanta layukan da kanta, na gaya mata sauran. Ta taɓa tabon leɓenta, sannan ta ce, "Mama, nuna mini fuskar."

Akwai ta cikin gilasan, Kawu ya rubuta a gefe: kwana goma da rabi. Na dubi cikinta da bai ma fito ba. Na yi lissafin ba da niyya ba, gyaɗa ta takwas ko ta tara. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Shekara ashirin da biyu ba sa fita a wata uku.

Na ɗauki madubin na kai bakin taga, na juya 'yar farantin har ta kama rana, na sa gilashin. Na ce mata, "Rufe ido ɗaya. Haka kakanki ya koya mini."

Ta sunkuya ta duba, ta daɗe tana dubawa, ni kuma na tsaya a bayanta ban janye ta ba.

Kawu, Allah ya ba ka hutawa. Wannan karon na rubuta.